Gwiwar Kalilu

"Ku ɗaga ni," in ji Kalilu. "Na ji kukan babur."

Laraba matarsa ta dube ni, na dube ta. Mutumin da ko kofin kunu ya daina iya riƙewa, shi ke cewa a tsayar da shi.

"Maigida, bari ya iske ka kwance. Ciwo ba abin kunya ba na."

"Kwance ya saba barina. Yau ba shi ganina ƙasa. Malam, kama nan."

Ni ne Malam. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Sabon Birni. Na tsufa ina koyarwa, shi ya tsufa yana fawa da dambe, kuma duk karatun da na yi bai hana matata Hadiyya mutuwa ta bar ni da littattafai da ɓeraye ba.

Wanda ke tafe Muntaka ne, mutumin garin Bafarawa. Da ƙuruciyarsu, duk kaka in an kai gero rumbu, sai su haɗu a fage, ko a garin Isa ko a Tsamaye, kuma kullum Kalilu ke shan ƙasa. A dambe ba sai ka suma ba. Gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa, an gama da kai. Kalilu bai taɓa kada Muntaka ba, bai kuma taɓa ƙin fita ba in an kira shi. Sau ɗaya na je kallo, don Hadiyya ta matsa in kawo mata labari. Na ga an fasa masa baki, ya faɗi, ya tashi ya tofar da jini, ya sake miƙa hannu yana dariya, har masu kalangu suka bar mai nasara suka bi shi da kiɗa. Na dawo na ce mata hauka ne kawai. Ta ce, "To mi ya sa muryarka ta dishe?"

Muka ɗaga shi. Bai fi damin kara nauyi ba. Da safe Laraba ta share zauren ta zuba sabon yashi saboda baƙi, ƙafafunsa suka nutse ciki. Ya gyara tsayuwa, hagu a gaba, dama a dunƙule a baya.

"Ku sake ni."

Muka sake shi. Laraba ta koma bayan ƙyaure.

Muntaka ya yi sallama ya shigo yana dogara sanda, ido ɗaya ya yi fari. Hanyar Isa yanzu ko samari tsoronta suke yi saboda 'yan bindiga, amma ya biyo ta. Ya tsaya ya ƙare wa Kalilu kallo.

"Kai, bangaro ɗan fawa! An ce min kana kwance. Ashe banza na sha rana."

"Wa ya isa ya kwantar da ni?"

"Ni mana. Ko ka manta?"

"Matso in tuna."

Muntaka ya matso. Sai na ga gwiwar Kalilu ta dama ta fara rawa, ta lanƙwashe, yana tafiya ƙasa a hankali. Ni ina kusa, amma na tsaya kamar turke. Muntaka ne ya yar da sanda ya rungumo shi, tsofaffi biyu suna tangaɗi suna haki.

"Malam!" in ji Muntaka. "Duba yashi. Akwai sawun gwiwa?"

Na duƙa na duba. Sawun ƙafa biyu ne, masu zurfi.

"Babu!" Ban san da ƙarfi na faɗa ba, sai da na ji kaji sun watse a waje. "Wallahi babu!"

"To ka shaida. Yau an rabu kowa tsaye."

"Ka tsufa, Muntaka," in ji Kalilu, bakinsa a kafaɗarsa.

Bayan la'asar Kalilu ya cika. A maƙabarta Muntaka ya ce shi zai karɓe shi a cikin kabari, ba wanda ya yi musu. Ya kwantar da shi a hankali wannan karon.

Da za a shimfiɗa tabarmin zaman makoki, Laraba ta aiko a bar wurin da ya tsaya, aka kifa tsohon daron nama a kan sawun. Masu gaisuwa suna ta kewaye shi.

Na tsallaka gida da labari cike da bakina. Na tura ƙofar ɗakin Hadiyya na yi sallama, muryata a dishe. Labulen ya ɗan motsa, ya koma ya tsaya.