Kaset ɗin Arɗo Husaini

A shekarar 1983, lokacin da sabulu da madara da batir suka fara ɓuya a kantuna, Haliru ne akawun wani ɗan ofishin malaman dabbobi a Boɗinga. Ofishin ba shi da tarho. Makiyayan da ake yi wa aikin kuwa ba su saba da wasiƙa ba, kuma ba wanda zai bar garke ya yi tafiyar wuni guda don ya faɗi magana biyu.

Haliru ne ya samo dabara. Ya lura kusan kowace ruga akwai rakoda, sai ya ce duk mai buƙata ya yi maganarsa a kaset, ya ba direban motar kasuwa, direba ya jefa a akwatin katako da ke kan teburinsa. Shi kuma ya saurara, ya rubuta suna da rana, ya raba su gida uku: na gaggawa, na a jira, da na gaisuwa. Na gaggawa kaɗai yake miƙa wa Malam Maniru, malamin dabbobin da ke fita da babur. Dabara ta yi kyau, ba ƙarya, amma ta fasa wa Haliru kai. Ko baƙon da ya shigo neman ruwan alwala sai an nuna masa akwatin nan.

Sai batir ya yi wuya. Wuta kuma ta zama baƙuwa, ta leƙo ta koma. Haliru ya shiga tattali. Ya yanke wa kansa doka cewa ba kaset ɗin da zai ci masa fiye da minti uku. A ganinsa wanda abu ya dama ba ya jan zance.

Wata Talata Altine direba ya kawo kaset guda, ya ce daga Arɗo Husaini ne, na wajen Kajiji a ƙasar Shagari. Dattijon nan aminin marigayi mahaifin Haliru ne, shi ya sa yake ce masa Baffa. Haliru ya danna rakoda, muryar tsohon ta fito a hankali.

"Assalamu alaikum. Ni na, Husaini. Ina gaida Malam Maniru, Allah shi ba shi nasara. Ina gajiya, ina aiki, ina ƙoƙari da jama'a? Ina gaida Haliru, ɗan aminina. Allah shi jiƙan malam, shi kai haske kabari nai."

Haka ya yi ta bi. Ya gaida matar Haliru, ya gaida 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da jaririyar da bai taɓa gani ba. Ya tambayi ruwan sama a Boɗinga. Haliru yana murmushi, idonsa na kan agogo. Tsohon ya fara gaida mahaifiyar Haliru ke nan minti uku suka cika. Ya danna, rakoda ta yi shiru. Ya rubuta "gaisuwa" a bayan kaset ɗin, ya jefa shi ƙasan akwati, har yana cewa a ransa Baffa dai akwai zumunci.

Abin haushi, Haliru ya fi kowa sanin mutumin. Ya san Arɗo Husaini ba ya buɗe baki da buƙata, ko da wuta ce ta kama rigarsa sai ya gama tambayar lafiyar mutanen gida. Ya sani sarai. Hankalinsa ne yake kan batir.

Kwana goma sha biyu suka wuce. Altine ya sake shigowa da kaset biyu, ya ajiye, amma bai fita ba.

"Wai kun tahi wurin Arɗo kuwa?"

"Mi ya hwaru?" in ji Haliru.

"Na biyo ta can jiya. Ungulu na gani sun cika itatuwa. Shi kuma ko gaisuwata bai amsa ba."

Haliru ya miƙe zumbur. Ya zazzage akwatin a kan tebur, ya tono kaset ɗin, ya sa. Bai ma mayar da shi baya ba, daga inda ya tsaya ya ci gaba. Tsohon ya ƙarasa gaida mahaifiyarsa, ya gaida ƙanensa, ya yi gyaran murya.

"To, Haliru, ba wani abu na ba. Shanu biyu na ga sun bar cin ciyawa, ido na ruwa, sun kama zawo. Ina tsoron bushiya ta. In da hali, in bai zame muku wahala ba, a leƙo mu. In babu hali, ba komi."

Bushiya ita ce cutar da ke share garke a shekarar nan, kuma allurar rigakafinta tana nan a ofis, a ɗakin da ke bayan Haliru. Da an je tun ranar, a ware biyun nan, a yi wa sauran allura, da mafi yawa sun tsira. Malam Maniru ya saurari saƙon a tsaye. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Ɗauko akwatin allura, ka hau baya." Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Sun isa rugar bayan azahar. Ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, amma ba sai an tambaya ba. Dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa, yana shimfiɗe a ƙasa, maruƙa uku ne kawai a jikinsa. Can gefe an haƙa ramuka an rufe. Shanun da suka rage ba su kai rabin inuwar bishiya guda ba. Malam Maniru ya wuce wurinsu da allura.

Arɗo Husaini ya shimfiɗa wa Haliru tabarma. Ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Duk da haka sai da ya gaishe shi tsaf, ya tambayi kowa na gida, Haliru yana amsawa da ƙyar.

"Kada ka damu kanka," in ji tsohon. "Na san saƙona bai iske ka ba. Da ya iske ka, ko da ƙahwa da ka zo. Altine na ba, shi yay yada shi. Na bar shi da Allah."

Ga ƙofa an buɗe wa Haliru. Da zai yi shiru kawai, shi ke nan, laifi ya tafi da direba. Amma ya dubi tsohon ya ce:

"Baffa, Altine ba shi da laihi. Ran da ka ba shi, ran nan ya kawo. Ni na saurara, na ji gaisuwa ta, na kashe."

Tsohon bai ɗago ba. Ya ɗauki wani ɗan tsinke yana juya shi a hannu.

"Har ina ka kai?"

"Har inda kake gaida inna."

Arɗo Husaini ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai bin maganar tasa a zuci.

"Ashe kaɗan yar rage," ya ce. "Daga ita sai ƙanenka, sai shanu."

Ya dafa gwiwa ya tashi, ya tafi ya riƙe wa Malam Maniru ƙahon saniya.