Rumfar da Inna ta Ɗinka

Ni dai har yau in na ga buhun da ba komai cikinsa sai gabana ya faɗi.

Ƙanena Maccido ba ɓarawo ba ne tun asali, wallahi, kwaɗayi ne da abokan banza. Shekarar da ruwa ya cinye gonakin Araba, gwamnati ta aiko da geron tallafi, anka sa shi cikin masu rabo, tunda ya yi boko kuma mutanen can dangin Innarmu ne. Sai ja'irin ya raba kaɗan, ya ce musu iyakar abin da ya zo ke nan. Ya aje kaɗan a gida, sauran ya juye cikin wasu buhuna, 'yan babur sunka bi da shi ta daji zuwa Kwanni ta Nijar, ya dawo Illela aljihu cike da sefa. Buhunan gwamnati masu tambari kuwa ya cusa su ƙarƙashin gado, wai sai ya samu sukuni ya ƙone su.

Ƙonewa? A gidan Inna Mu'minatu? Matar da ko zaren bakin buhu ba ta yarda a yar!

Matar Maccido ta haifi ɗan fari. Inna ta shiga gyaran ɗaki, ta ci karo da buhunan sababbi fil. Ita ba ta san ko bihim ba a boko. Ta farke su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki basilla ta haɗa ƙatuwar rumfa, don kada rana ta doki baƙin ɗanta. Shi yana can yawon neman rago, bai san wainar da ake toyawa ba.

Ranar suna da safe maƙwabta sunka kafa ta a ƙofar gida. Kafin Maccido ya fito daga wurin mahauta, jama'a sun zauna cak a ƙarƙashinta, har da mutanen Araba. Kawu Zakari, ƙanen Inna, wanda gonarsa ta tafi gaba ɗaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

"Maccido," ya ce, "wanga ba tambarin geronmu ba ne? Wanda ka ce bai zo ba?"

Wayyo Allah, ko goro ba a gama rabawa ba. Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da Maccido, sun naɗe rumfar sun tafi da ita.

Lauyan da munka ɗauka ya ce rumfar nan ita kaɗai ce shaida. In Inna ta ce a kasuwa ta sayi buhunan, magana ta mutu. In ba haka ba, ɗauri ne babu makawa. Na durƙusa gabanta ina kuka, na ce, "Inna, don Allah, magana ɗaya ce."

Ta ce, "Raihana, gaya min tukuna, mi anka rubuta a jikinsu?"

Na ce an rubuta tallafi ne na waɗanda ruwa ya ci, ba na sayarwa ba.

"To tuwon sunan fa? Wanda na zuba wa Zakari da hannuna, da wane gero anka yi shi?"

Na share hawaye na tashi, don ni da ita duk mun san amsar.

A kotu anka baje rumfar a ƙasa, ga ɗinkinta nan tsaf. Alƙali ya tambaye ta inda ta samo buhunan. Ta dubi Maccido.

"Ƙarƙashin gadon ɗana, ranka shi daɗe."

Shekara uku anka ba shi. Da za a fita da shi, ko inda take bai duba ba. Ni ma na yi fushi da ita, na daina gaishe ta, ina cika ina batsewa sai ka ce ita ta saci geron. Kaico, da na san yadda take kwana, da ban ƙara mata ba.

Tana dama fura ta hau mota har Sakkwato, ta zauna a ƙofar gidan yari. Yana karɓar furar ta hannun ganduroba, amma ya ƙi fitowa ta gan shi.

Jiya na same ta riƙe da rigar jikan nata, wanda yanzu har yana gudu. Hannun rigar ya ɓarke, ga allura da zare a gefenta, tana ta juya rigar. Da ta gan ni sai ta miƙo min.

"Ɗinka mishi, Raihana," ta ce. "Ni na gama ɗinki."