Na Uku a Takardar Likita Seok

Ni dai ba a yi mini alheri ban leƙa ƙarƙashinsa ba. Shi ya sa da Likita Seok ta tsaya a gefen gadona, injin wankin ƙoda na ta juya jinina, ta ce za ta sa sunana cikin marubutan bincikenta, na tambaye ta wa ya mutu.

"Ba wanda ya mutu, Baba Pyo. Kai ka ce mu daina tambayar majinyata ciwo, mu tambaye su ƙishirwa. Binciken kenan. Kai ne na uku."

"In abin ya ɓaci, na ukun ake kamawa ko?"

Ta yi dariya. Ban yarda da dariyar ba.

A gida matata ta dire cokali. "Baban Da-som, kanka ɗaya kuwa? Ran Lahadi za mu zauna da iyayen yaron nan da zai auri Da-som, kafin biki kuma takardar binciken ta fito. Mutanen garinsu, Daegu, ba sa gaishe ka sai sun binciki sunanka a waya. Su ga ƙoda, su ce ciwon gado ne, su janye ɗansu. Kai za ka gaya wa 'yarka?"

Na daɗe ina gaya wa duniya kamun kifi nake zuwa Litinin, Laraba da Juma'a, ranakun da ake yi mini wankin ƙoda. Ko ƙaya ban taɓa kawowa gida ba.

Na kira likita na ce ta cire ni. Ta ce ta gane. Na kwana ina tunanin me ta gane.

Ran Lahadi na sa riga mai dogon hannu, ana wannan zafi. Uban yaron, Yeom, bai taɓa romo ba, ruwa ma leɓe kawai yake jiƙawa, kamar mu da likita ya hana shan ruwa da yawa. Na ce a raina, shi kenan, ya ji labari, kwaikwayona yake yi.

Sai ya ɗauki butar shayin sha'ir zai zuba mini da hannu biyu, kamar yadda ake yi wa suruki. Hannun rigarsa ya zame. Ga jijiya nan ta kumbura kamar igiya, duk tabon allura. Ya ga na gani. Ya dubi kofina da ban taɓa ba.

"Talata, Alhamis, Asabar," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Kai fa, suruki?"

"Ni kamun kifi nake zuwa."

"Ni hawan dutse." Ya matso. "Likitarmu ma ta sa ni cikin wata takarda. Na huɗu nake, sai wani matsoraci ya janye."

An yi biki lafiya. Takardar ta fito, Yeom ne na uku. Matarsa ta sa mata gilashi ta rataye a falonsu, daidai saitin kujerar baƙi.