Kulocin Baba

Duk wanda ya ce maka Babana yana jin magana, to bai taɓa zama a garejinmu ba. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi bara, ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba. Yana tafiya, yana tuƙi, amma taka kuloci ya zame masa aiki. A tseren da ya wuce, irin na 'yan sha'awa da ake yi a wani fili bayan gari, ina tsaye ina jin giyarsa tana kuka kamar ana niƙa tsakuwa. A kwanar ƙarshe ƙafar ta ƙi, giya ta ƙi shiga, motar ta kwashi katangar tayoyi. Giyabos ya tashi daga aiki. Shi kuwa ya fito yana washe baki, wai mota ce ta tsufa.

Ni ce 'yarsa, ni ce kuma bakanikensa, kuma a ranar ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Ki nemo mini wani giyabos mai giya shida, na hannu," in ji shi.

"Baba, otomatik za mu sa. Akwai masu ƙarfi da za su zauna a motar nan."

"Otomatik? Cefane zan je? So kike Mai Taya ya shekara yana mini dariya?"

Mai Taya abokinsa ne kuma abokin hamayyarsa, tsoho mai bakin tsiya, wanda ba ya ganin mota sai ya cusa kai ciki ya yi sharhi. Wato saboda haƙoran wannan mutumin ubana zai je ya kashe kansa. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Ban ƙara yi masa musu ba. Na sayo otomatik ɗina, na rage tsawon furofela, sandar da ke juya tayoyi, na sake wa giyabos ɗin mazauni, na mayar da tsohon kan sandar giyarsa da hannunsa ya goge. Kulocin kuma ban cire shi ba. Na ɗaure masa sifirin, ana takawa yana dawowa, amma ba ya kama komai.

Ranar da na gama sai ga Baba da Mai Taya tare. Mai Taya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari.

"Birki, totur, kuloci. Ashe dai da sauranka, tsoho!"

Baba ya shiga ya zauna, ya taka kulocin, ya kama sandar giya. Nan take fuskarsa ta canza. Ya jira sai da Mai Taya ya fita amsa waya.

"Ke! Ni za ki mayar ɗan yaro? Abin wasa kika ɗaura mini?"

"Eh, shi na ɗaura!" Na yi jifa da sifana, ta daki bango. "Na gaji, Baba! Ni nake tsayawa a bakin fili ina kallonka. Ni nake kwance giyabos ina tsintar haƙoran ƙarfe, ina ce wa Mama ba komai. Ƙafar nan ba ta takawa, ka sani, na sani. In na hannu kake so, nemi wani ya ɗaura maka, ya kuma ɗauko ka daga fili. Ba ni ba!"

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Amma ko kusa ban yi nadama ba.

Ya ja murfin motar da ƙarfi, ya tayar da ita, ya fice a fusace, ya bar mu da ƙura. Mai Taya, da ya gama wayarsa a bakin ƙofa, ya bi shi da kallo.

"Kai! Ji yadda yake canza giya, ko gargada babu. Hannun nan bai manta ba."

Na juya na je ɗauko sifanar da na jefar.

Da Baba ya dawo, Mai Taya ya tafi. Ya kashe injin, ya daɗe a zaune bai fito ba. Na matso, na shirya jin ya ce in kwance komai. Ina kallo ya ɗora ƙafar hagun a kan kulocin, ya danna. Ta kai rabi, ta fara karkarwa, ta tsaya.

Bai dube ni ba.

"Sifirin ɗin nan ya yi tauri," ya ce. "Sassauta mini shi kafin ranar tsere."