Motar Malam Ta Dawo Sabuwa

Ƙanina Mikail magidanci ne, da matarsa da 'ya'yansa, amma duk Asabar sai ka gan shi a gindin Dutsen Dala riƙe da rimot, yana bin wata 'yar mota da ba ta fi kwandon cefane girma ba. Ba shi kaɗai ba ne, ƙungiya ce guda, duk masu gemu. Motocin nasu ma ba na tsere ba ne. Duwatsu suke hawa a hankali, wannan taya ta ɗaga, waccan ta laluba, su kuma suna tsugune suna kallo kamar masu jiran kaza ta yi ƙwai. Da hannunsu suke haɗa su. Mikail zai iya shafe yini yana canza man shokozoba, ko yana cusa darma a tayoyin gaba don kada motar ta wuntsila in ta kama hawa. Ni dai na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na daina yi masa tsiya ne da mantuwar Hajiya ta yi tsanani. Mahaifiyarmu ta fara da manta inda ta ajiye carbi, ta kai ga manta ko ta ci abinci. Wata rana muna hira a ɗakinta a unguwar Madabo na ambaci marigayi mahaifinmu, Malam, sai ta dube ni ta ce, "Wane Malam kuma?" Maganar ta yi mana ciwo ƙwarai. Ga shi ba mu da hotonsa ko ɗaya, don Malam ba ya yarda a ɗauke shi, na fasfo ɗin ma ya bi ruwa shekarar da soro ya rufta.

Abin da kowa ya san Malam da shi a unguwa jif ɗinsa ce, koriya, wadda ya tsufa yana lodin kaya da ita daga kasuwar Kurmi zuwa kasuwannin ƙauye. Tuni 'yan gwangwan suka yanka ta. Mikail ya ce zai dawo da ita a ƙarama, ya tuƙa ta har gaban Hajiya, ko Allah Zai sa ta tuna mijinta.

Ya yanka fallen alminiyom ya ƙera bodi, ya fesa mata kore. Da ta yi kyau, sai ya zauna yana lalata ta. Wai a wurinsu sabuwar mota abin kunya ce, gwaninta ita ce ta fito kamar ta sha wuya. Ya zana tsatsa da ɗan buroshi, ya tsaga gilashin fitila, ya ɗaure ƙofar baya da waya yadda Malam yake yi. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne wata loɓawa da ke gefen hagu na gaba, wadda muka buɗe ido muka tarar. Ya loɓa, ya miƙe, ya sake loɓawa. Har waya ya yi min a kanta.

"Yaya Lauratu, loɓawar nan ta taɓa fitila, ko kafin fitila ta tsaya?"

"Ni ina na sani? Ka tambayi fitilar."

Ranar da ya gwada ta a Dala, an ce abokansa sai da suka kewaye ta suna jinjina. Ni ma da na gan ta gabana ya faɗi, don ji na yi kamar Malam zai yi gyaran murya. Saura kariya kawai, ƙarfen da ake ɗaure kaya a sama, wadda sai an yi mata walda. Sai ya kai wa babban wanmu, Yaya Ilu, mai gyaran bodin mota a Ƙofar Ruwa. Ya gaya masa ko ta wace ce, ya kuma jaddada masa kariya kawai.

Wanda ya san Yaya Ilu ya san kuskuren da aka yi. Mutumin da in ya zo gidanka ya ga tukunya a loɓe ba ya iya cin abinci sai ya buge ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taru a gidan Hajiya kamar yadda muka saba. Yaya Ilu ya shigo soro da kwali a hammata, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Ya buɗe. Motar tana sheƙi har kana ganin fuskarka. Babu tsatsa, babu waya, fitila sabuwa. Gefen hagu sumul, ya buge shi, ya shafe da foti, ya bi da sanfefa, ya sake feshi. Kariyar ma ya saka, kada a ce bai yi abin da aka sa shi ba.

Mikail ya ɗaga motar ya juyo gefen hagunta.

"Yaya, ina loɓawar?"

"Na cire ta."

"Ai ta Malam ce. Da gangan na yi ta."

"Na san ta Malam ce mana. Tun ina koyon aiki nake roƙonsa ya bari in buge ta, kullum sai ya ce mota dai tana tafiya. Sai yanzu Allah Ya kawo min ita har gareji." Ya goge rufin da bakin hannun rigarsa. "Kuma kai ko kunya ba ka ji, ka kai wa Hajiya gwangwani?"

Na so in ɗauki kwalin in kwaɗa masa. Aikin watanni ya tafi, kuma wannan abin mai ƙyalli babu wanda zai ce motar ubanmu ce. Mikail ya ce shi ya fasa, gida zai koma. Na ce tunda an riga an shimfiɗa wa Hajiya tabarma a tsakar gida, ya daure ya tuƙa, in ba ta gane ba ta yi kallo.

Ya saka batir ba don ransa ya so ba. Motar ta taso daga soro, ta zo dokin ƙofa, ta ɗora taya ɗaya, ta karkace, ta ɗora ɗayar, ta sauko a hankali. Ta ratsa gefen rariya ta tsaya a bakin tabarma.

Hajiya ta ajiye carbi. Ta miƙa hannu ta shafa gefen hagun nan da Yaya Ilu ya gyara.

"Mamman ya sayo mota," in ji ta.

Muka dubi juna. Tunda muke ba mu taɓa jin sunan Malam a bakinta ba, ko ɗan maƙwabta mai sunan sai ta sakaya. Ta ci gaba da magana tana dariya ƙasa-ƙasa, irin dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Wai ga ta nan fil, ko lamba ba a saka ba. Wai ya tsaya da ita a bakin lungu yana ta hon don ta leƙo, ita kuma tana goyon Ilu, kunya ta hana ta fita sai ta kafar ƙofa ta kalla. Ashe mu tsohuwar muka sani. Ita da sabuwar ta san shi.

Yaya Ilu ya juya baya yana share ido da hularsa. Mikail ya tsuguna kusa da ita, rimot a hannu, ya rasa ko godiya zai yi wa wansa ko me. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce a raina shi ke nan, ta tuna.

Sai ta sunkuya ta leƙa ta 'yar tagar direba. Ta daɗe tana duba kujerar.

"Ina kuma ya shiga? Halan ya tsaya gaisawa da mutane a waje." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta juya fuskarta wajen ƙofar soro. "Lauratu, tashi ki ɗora masa ruwan shayi, yanzu zai shigo."

Na dubi Yaya Ilu, ya dubi Mikail, Mikail ya sunkuyar da kai. Hajiya ba ta ɗauke ido daga ƙofar ba.

Na tashi na ɗora ruwan.