Tsaga Ɗaya a Filin Baba

Shekara goma sha ɗaya Auta tana aikin binciken duwatsu, ba wanda ya taɓa tambayarta a gida me take yi. Don haka da yayanta ya roƙe ta ta duba filin da mahaifinsu ya bar musu su biyu, ko akwai ruwa, daɗi ya kama ta kamar ƙaramar yarinya. Ta ɗauki hutu, ta aro na'ura daga wurin aiki.

Zurfin ƙasar filin bai fi kamu biyu ba, ƙarƙashinta dutse ne shimfiɗe. Ta ɓalli yanki da guduma ta nuna masa, fari da baƙi a jere layi-layi.

"Yaya, zafi da nauyin ƙasa ne suka matse shi har ma'adanansa suka ware haka. Farin nan mai kama da gilashi shi ke cinye bakin injin haƙa. Baƙin mai ƙyalli kuwa ɓarewa yake kamar ɓawon albasa. Dutsen kansa ba ya riƙe ko ɗigo, sai inda ya tsage."

"To ina tsagar, ƙanwata?"

Kwana uku tana jan wayar na'urar cikin rana kafin ta same ta, guda ɗaya tak, a kusurwar gabas. Ta kafa turke ta shafa masa jan fenti. Yaya ya yi ta sa mata albarka.

Bayan wata biyu aka kira ta rabon fili. Ta tarar mai awo ya riga ya ja igiya, kawunsu na zaune a matsayin shaida. Turken yana ɓangaren Yaya. Igiyar ma sai da ta lanƙwasa kafin ta haɗa da shi.

"Yaya, ka gaya wa Kawu abin da ke ƙarƙashin turken nan?"

Ya tsura wa takalminsa ido. "Ni ke da iyali, Auta."

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Da roƙa ya yi, da ta ce su haƙa tare kowa ya sha. Ashe kiran da ta yi ta murna da shi, na wannan ne.

Ya miƙo mata biro ta sa hannu, yana murmushi saboda Kawu.

"Ki sake dubawa a naki ɓangaren mana, ƙila ki dace."

Alhali shi ya riƙe mata bakin waya ranar da ta auna ɓangaren nan taku-taku, ta ce masa babu.