Dubu Biyar na Graciete

Graciete ta ture takardar yarjejeniyar ta koma gaban Injiniya Valdemar, har kofin gahawarsa ya yi rawa.

"Guda dubu biyar zan yi," ta ce. "Ko ɗaya ba zan ƙara ba."

Injiniyan, wakilin wani babban kamfanin kayan gona, ya yi mata irin murmushin da ake yi wa mai zazzaɓi. Yayanta Belmiro, mai wannan maƙera da ake sassaƙa mazubin ƙarfe na fitar da kayan roba, ya dafe kai.

Abin da ya tara su bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wani maƙalin roba ne mai riƙe reshen inabi a jikin waya. Graciete ce ta ƙirƙiro shi a teburin kicin ɗinta, don ta gaji da ganin yatsun ƙanwarta na kumbura wurin ɗaure rassa cikin sanyin Janairu. Ta raba wa manoma samfuri, kafin ka ce kwabo labari ya kai kunnen manya.

"Dona Graciete, guda miliyan biyu muke so duk shekara," in ji Injiniya, yana jaddada laƙabin girmamawar. "Mazubin baƙin ƙarfe mai gurbi talatin da biyu, bugu ɗaya ya zubo talatin da biyu. Mu za mu biya, ke naki kawai sa hannu."

"In kun biya, na wa ya zama?"

Injiniya ya gyara tabarau. "Ai wannan ƙa'ida ce."

Ta san ƙa'idar sarai, kowa a garin nan nasu na Marinha Grande ya san ta: wanda ya biya mazubi shi ke da shi. Shekara ashirin da shida ta yi a gaban injin zuba roba tana fitar da kayan mutane. Sau uku tana tsaye babbar mota ta zo, aka ɗaga mazubi da sarƙa, aka tafi da shi ƙasar da aiki ya fi araha. A na ukun har aikinta ya bi motar. Har yau in ta ji ƙarar sarƙa sai ranta ya ɓaci.

"Na alminiyam nake so, mai gurbi ɗaya," ta ce. "Shi aljihuna zai iya."

Belmiro ya miƙe kamar an tsikare shi. "Alminiyam? Ke, maƙerin tukwane kika ɗauke ni? Shekara arba'in ina yanka ƙarfe a gidan nan! Da Baba na raye ya ji wannan magana, da tsintsiya zai kore mu."

"Baban da ya mutu bai mallaki mazubi ko ɗaya ba cikin ɗaruruwan da ya sassaƙa? Zauna, Yaya, kada jininka ya hau."

"Kafin ya zubo dubu goma ya cinye! Kuma kowane maƙali sai ya ninka tsada sau huɗu."

"Ya cinye ɗin. Abin nan sanyi ɗaya kacal ya gani. In ya karye a na biyu, alminiyam sai ka ɗan kankare a gyara. Naka na baƙin ƙarfe mai taurin kai irin naka fa? A zubar da miliyan biyu a bola?"

Nan Belmiro ya koma ya zauna, don maganar ta aiki ce, shi kuwa duk masifarsa ba ya musu da aiki.

Injiniya ya tattara takardunsa a hankali. "Ki yi tunani, Dona. Irin wannan abu ba ya wuyar kwaikwayo. Wani zai iya fito da mai kama da shi kafin baɗi."

Ta san ba ƙarya ya yi ba. Amma ta riƙe fuskarta tamau.

"Sai su fito da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A sauka lafiya, Injiniya."

Da motarsa ta fita, ta naɗe takardar zanen maƙalinta ta sa a jaka. 

"Ina kuma za ki?" in ji Belmiro.

"Maƙera ta ƙare a garin nan ne? In ka fi ƙarfin tukwane, akwai masu jin yunwa."

"Ki kai zanen gidanmu wa baƙo? Ajiye nan!"

Ta ajiye, amma ba ta saki jakar ba. Belmiro ya leƙa ta gilashin ofis, ya ga ma'aikatansa sun duƙufa a kan injuna. Ya tura ƙofa ya rufe, ya ɗauki waya ya kira dillalin ƙarfe. Sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Amândio? Ni ne. Alminiyam nake so, dunƙule ɗaya." Ya saurara, wuyansa ya yi ja. "Dariyar uban me kake yi? Ka kawo ranar Asabar, ta ƙofar baya."